Leza tana goge tabo? Amsa ga mai ramukan ƙuraje, baƙin tabo da tudu a kunne

Tambaya: Likita, shekaruna 27. Ƙurajen fuska sun daɗe suna damuna. Yanzu sun yi sauƙi, sai ɗaya-ɗaya, amma sun bar mini ramuka a kumatu da baƙin tabo a haɓa. Akwai kuma wani tudu da ya fito mini a bayan kunne bayan na ƙara huji, yana ƙaiƙayi, kuma kullum girma yake ƙarawa. Ni baƙa ce sosai. Na ga ana tallan cewa hasken leza yana goge tabo gaba ɗaya. Yaya ake yi tabo ya samu, kuma leza za ta yi mini maganin duka ukun?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da kika lissafa matsala uku ce daban-daban, kuma in kika shiga wurin da aka ce miki na'ura ɗaya za ta share su duka, ki ɗauki jakarki ki fito. Baƙin da ke haɓarki launi ne kawai, naman fatar wurin lafiyarsa ƙalau, kuma galibi ba ya buƙatar leza. Ramukan kumatu su ne leza take yi wa aiki na gaske, amma rage su take yi, ba ta mayar da fata yadda take tun asali. Tudun kunne kuwa, bisa yadda kika siffanta shi, kiloyid ne, wato tabon da ke ci gaba da girma ya wuce iyakar ciwon, wanda in aka tunkare shi da leza ita kaɗai yakan dawo, wani lokaci ma ya fi da. Ban ga fuskarki ba, don haka sai likitan fata ya duba ya taɓa kafin a yanke hukunci, amma ga dalilin da ya sa na rarraba su haka.

Fata hawa biyu ce a kan kitse. Fatar sama siririya ce ƙwarai, a yawancin jiki kaurinta bai wuce kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, kuma kullum cikin sabunta kanta take: ƙwayoyin halitta su taso daga gindi, su mutu a sama, su kakkaɓe, cikin kusan mako huɗu. A gindinta ne ake samun ƙwayoyin da ke yin melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Ƙarƙashinta akwai fatar ciki mai kauri, inda jijiyoyin jini, saiwar gashi, da jakunkunan gumi da na maiƙo suke zaune a cikin zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin. Ƙujewar da ta tsaya a fatar sama tana warkewa ba tare da alama ba. Sai ciwo ya nutsa cikin fatar ciki sannan tabo yake samuwa. A 2007 wasu likitoci a Ingila sun auna wannan a jikin masu sa kai, ta hanyar yi musu ƙarci mai tafiya yana ƙara zurfi a kwatangwalo, suka ga tabo na dindindin yana farawa ne daga zurfin da ya ɗan haura rabin milimita. Rabin milimita fa. Farcen da ke matse ƙurji yana iya jawo ɓarnar da ta wuce haka.

Da zarar an ji ciwo, jiki yana bin matakai. Cikin mintuna jini yake daskarewa ya toshe kafar. Daga nan kwana uku zuwa biyar wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, saboda fararen ƙwayoyin jini sun taru suna kashe ƙwayoyin cuta suna kwashe mataccen nama. Sai lokacin gini, wanda yake kaiwa kusan mako na uku: sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, ƙwayoyin da ake kira faiburobulas su shigo su yi ta zuba kolajin, wasu daga cikinsu kuma su rikiɗe su zama masu ja, su janyo bakin ciwon ya tsuke. A wannan lokacin jiki sauri yake yi, domin buɗaɗɗen ciwo ƙofar cuta ce, kyau ba ya cikin lissafinsa. Kolajin lafiyayyar fata a saƙe yake kamar yadi, zaren tsaye da na kwance sun sarƙe da juna, shi ya sa take talewa ta kowane ɓangare ta koma. Na tabo kuwa faci ne, zarensa duk gefe guda ya jeru, a cunkushe. Wannan bambancin jeri shi ne ya sa tabo yake da tauri, yake sheƙi, kuma ido yake tsinto shi ko launinsa ya yi daidai da sauran fata.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma shi ne ya fi tsawo. Daga mako na uku har shekara guda, wani lokaci shekara biyu, jiki yana rushe kolajin farko mai rauni yana maye gurbinsa da mai ƙarfi, jijiyoyin jinin da suka yi yawa kuma suna janyewa. A mako na uku ƙarfin tabo bai wuce kashi 20 cikin 100 na fatar asali ba, a wata na uku ya kai wajen kashi 80, kuma nan yake tsayawa har abada. Gashi ba ya tsirowa a kansa, ba ya gumi, domin saiwar gashi da jakunkunan gumi ba sa dawowa in sun lalace. Abin mamaki, ɗan tayi a farkon rabin ciki yana warkewa daga yanka ba tare da tabo ko kaɗan ba, kuma masu bincike sun daɗe suna neman sirrin hakan, amma har yau babu maganin da ya mayar da babba zuwa wannan halin. Duk wanda ya ce miki zai goge tabo ƙarƙaf, ya yi miki alkawarin abin da ilimin likita bai kai ba.

Abin da ke sa tabon wani ya kwanta na wani ya tashi ba boyayye ba ne. Ciwon da ya daɗe bai rufe ba, musamman ƙunar da ta wuce mako uku, yana yawan barin tudu. Haka ciwon da ya yi mugunya, ko wanda ake ta ɓamɓare masa ɓawo. Wurin da fata ke a miƙe kullum, irin su ƙirji, kafaɗa, gadon baya da kan gaɓoɓi, ya fi sauran wurare yin mummunan tabo, shi ya sa likitocin tiyata suke ƙoƙarin yanka bisa layin da fata ke lanƙwasa da kanta, layukan da Karl Langer ya zana taswirarsu tun 1861. Sannan akwai gado da launin fata, waɗanda ba a hannun kowa suke ba.

To, baƙin haɓarki. Duk lokacin da fata ta kumbura, ƙwayoyin melanin suna firgita su ƙara aiki, kuma a baƙar fata sun fi saurin firgita. Ƙurjin ya tafi, launin ya tsaya. Ki shafa yatsa a wurin ido a rufe: in ba ki ji rami ko tudu ba, launi ne kawai. Wanda ya tsaya a fatar sama yakan dushe da kansa cikin wata shida zuwa shekara, wanda ya zuba cikin fatar ciki ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi yana iya ɗaukar shekaru. Maganinsa na farko shi ne a hana sabon ƙurji fitowa, a shafa man kariyar rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama kowace safiya, a haɗa da man shafawa irin su azelayik asid ko adafalin, ko haidurokwinon na 'yan watanni ƙarƙashin kulawar likita. Mai ciki ko mai neman ciki ta nisanci adafalin da danginsa. Ki kuma yi nesa da mayukan ƙara hasken fata da ba a san abin da ke cikinsu ba. Da yawansu suna ɗauke da siteroyid mai ƙarfi, wanda ke sirantar da fata, ya tayar da sababbin ƙuraje, ya kuma sa ciwo ya ƙi warkewa, kuma fatar da ta sha irin wannan mai ba ta jure leza.

Ramukan kumatu labarinsu daban. Ƙurji mai zurfi yana cinye kolajin da ke kewaye da shi, jiki bai cike gurbin duka ba, sai saman ya lotsa. Tun 2001 likitocin fata suke kasa su gida uku, kuma kason yana da amfani domin kowanne da abin da yake ji. Akwai mai ƙaramin baki da zurfi sosai, wanda faɗinsa bai kai milimita 2 ba amma ya nutsa har gindin fatar ciki. Akwai mai faɗin baki da gefe a tsaye, irin wanda ƙarambau ma yake bari. Akwai kuma wanda ba shi da gefe, fatar ce kawai take hawa da sauka, saboda wasu zaruruwa daga ƙasa sun ɗaure ta suna janyo ta ciki. Yawancin mutane suna da gaurayen ukun a kunci ɗaya.

Tudu kuma iri biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi tsada. Akwai kumburarren tabo wanda ke tashi cikin makonni bayan ciwo, ya tsaya iyakar inda ciwon yake, sannan ya riƙa kwantawa a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu. Kiloyid kuwa yana iya fitowa bayan watanni, yana tsallake iyakar ciwon ya ci lafiyayyar fata, yana ƙaiƙayi ko suka, kuma ba ya komawa da kansa. Faiburobulas ɗinsa ba sa jin umarnin tsayawa. Ya fi son kunne, ƙirji, kafaɗa da muƙamuƙi, ya fi yawa ga masu duhun fata da matasa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin jini a wasu gidaje. Ba ciwon daji ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani.

Yanzu batun haske. Leza haske ce mai launi guda tak, wato tsawon zango guda, da aka tattara wuri ɗaya. Theodore Maiman ne ya ƙera ta farko a Amurka a 1960, kuma cikin 'yan shekaru likitan fata Leon Goldman ya fara gwada ta a fata. Amma na farkon ƙona komai suke yi, su bar nasu tabon. Abin da ya canza lamarin shi ne bayanin da Rox Anderson da John Parrish suka wallafa a 1983: in ka zaɓi tsawon zangon da wani abu a cikin fata ya fi sha, ka kuma sake shi a ɗan lokacin da bai kai zafin ya yaɗu zuwa maƙwabta ba, za ka ƙona abin da kake nufi ka bar na kusa da shi. Abubuwan da ke shan haske a fata uku ne: jan sinadarin jini, melanin, da ruwa. Duk wata leza da za a ambata miki, ɗaya daga cikin ukun nan take nema. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa mai na'ura ita ce, wane tsawon zango ne, kuma me yake nema a fatata? Wanda ya kasa amsa wannan bai kamata ya haska miki komai a fuska ba.

Mai neman jini ita ce wadda ake kira PDL, mai zangon nanomita 585 ko 595 (nanomita shi ne ma'aunin tsawon zangon haske), hasken rawaya. Tana toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da sabon tabo, sai jan ya ragu, ƙaiƙayi ya lafa, tudun ya yi laushi. A 1995 Tina Alster da abokiyar aikinta sun yi amfani da ita a rabin tabon tiyatar ƙirji suka bar ɗaya rabin, rabin da aka haska ya fi kwantawa. Tana da kyau ga sabon tabo mai ja. Matsalarta a wurinki ita ce melanin ma yana shan wannan zangon sosai, kuma shi ne a sama, shi hasken zai fara tararwa. A fata mai duhu, yawancin ƙarfin yana ƙarewa a fatar sama kafin ya kai jijiyar, sai a samu ƙuna ba a samu biyan buƙata ba. Shi ya sa ga irin fatarki aka fi karkata ga lezar da ake kira Nd:YAG mai nanomita 1064. Melanin ba ya shan ta sosai, tana kuma nutsawa fiye da waccan.

Masu neman ruwa su ne na ramuka, kuma a nan ne ya kamata ki fahimci abin da ake yi miki a zahiri. Fata galibinta ruwa ce, don haka leza mai neman ruwa raunata fata take yi da gangan, a ma'auni, domin jiki ya sake komawa matakan nan na warkewa, ya rushe tsohon kolajin ya shimfiɗa sabo mai tsari. Maganin tabo da leza sabon ciwo ne da aka auna zurfinsa da faɗinsa. Mafi tsufa ita ce ta iskar kabon dayoksaid, mai nanomita 10,600, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964. Sai ta erbiyom mai 2,940, wadda ruwa ke sha fiye da waccan sau goma ko fiye, don haka take feƙe fata siriri-siriri ba tare da barin zafi mai yawa a ƙasa ba. A shekarun 1990 ana feƙe fuska gaba ɗaya da su. Sakamakon yana da ƙarfi, amma mutum zai yi mako biyu da ɗanyen ciwo, watanni da jan fuska, wasu kuma su ƙare da fari-fari na dindindin. Ga baƙar fata wannan hanya ba abin kusanta ba ce.

A 2004 Dieter Manstein da Anderson suka zo da dabarar ɗigo-ɗigo, wadda ake kira farakshonal. Maimakon a taɓa fatar duka, sai hasken ya sauka a ɗaruruwan ƙananan ginshiƙai a kowane santimita, kowanne faɗinsa wajen kashi ɗaya bisa goma na milimita, zurfinsa kuma yana iya wuce milimita ɗaya, a bar lafiyayyar fata a tsakaninsu. Daga wannan lafiyayyar fatar ne ƙwayoyi suke gangarowa su rufe wuraren cikin kwana ɗaya ko biyu. Iri biyu ce. Akwai wadda ke dafa ginshiƙin ba ta huda saman ba, mai nanomita 1540 ko 1550: kumburi da ja na kwana biyu ko uku, sai a koma harka, amma tana buƙatar zama huɗu zuwa shida. Akwai kuma mai hudawa, ta kabon dayoksaid ko erbiyom, wadda ke ƙafar da naman ginshiƙin ya zama rami: ta fi ƙarfi, zama ya fi kaɗan, amma akwai ɓawo na kusan mako guda kuma haɗarin baƙi ya fi yawa. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi zuwa 2012 ya nuna marar hudawa tana rage ramukan ƙuraje da kashi 26 zuwa 50 cikin 100, mai hudawa kuma daga 26 har sama da 80 a wasu binciken. Ki riƙe rabi a ranki. In ya fi haka, alhamdulillahi. Mai hudawar ta kuma yi fice a tabon ƙuna mai tauri da ke hana gaɓa miƙewa, inda take sassauta shi har motsi ya ƙaru, kuma a ganina nan ne ma ta fi yin abin a yaba.

Likitocin fata suna auna launi da ma'aunin Fitzpatrick, daga 1 (mafi fari) zuwa 6 (mafi duhu), kuma bisa bayaninki kina 5 ko 6. Ko lezar da ba melanin take nema ba, zafin da take bari yana tayar da ƙwayoyin melanin, kamar yadda ƙurji ya tayar da su a haɓarki. Saboda haka baƙi bayan leza abu ne da ake yawan gani a irin fatarki, ko da an yi komai daidai. Yakan bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan zama, yakan kuma dushe cikin watanni, amma wanda ba a gaya masa ba tun farko zai zaci an lalata masa fuska. Abin da gwani yake yi don rage shi sananne ne: ya rage yawan ɗigon a kowane santimita, domin cunkoson ɗigo ya fi zurfinsa jawo baƙi, ya sanyaya fata lokacin aiki, ya rage yawan maimaita haska wuri ɗaya, ya tsawaita tazarar zama zuwa mako shida ko takwas, ya kuma fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne ya jira makonni ya gani. Ni a irin fatarki da marar hudawa nake farawa. Akwai kuma sababbin lezoji masu sakin haske a ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ba, waɗanda ake kira fiko. Mai nanomita 1064 daga cikinsu tana da sauƙin haɗari ga duhun fata, tana taɓa ramuka marasa zurfi da baƙin da ya ƙi jin mai, sai dai aikinta a hankali ne.

Wanda zan ja miki kunne a kansa shi ne IPL. Ba leza ba ce, fitila ce mai walƙiya da ke sakin haske mai zango da yawa a lokaci guda, daga wajen nanomita 500 zuwa 1,200, kuma babban kasonsa melanin ne ke shanye shi. Tana da amfani ga ja da ɗigon rana a farar fata. A baƙar fata tana barin ƙuna mai siffar bakin na'urar, layi-layi, wani ya yi baƙi wani ya yi fari, garin neman gira a rasa ido. Ita ce kuma aka fi samu a wuraren gyaran jiki da babu likita, ana kiranta leza. Fitilun LED ja da ake sawa a fuska kuwa ba sa ƙona kowa, suna iya ɗan lafar da ja da kumburi, amma ba su da ƙarfin ɗaga rami ko kwantar da kiloyid.

Ko a kan ramukan ma, haske shi kaɗai ba ya gama aiki. Ramin da zare ya ɗaure daga ƙasa ba zai taso ba sai an tsinke zaren, ta hanyar shigar da allura ƙarƙashin fata a yanke shi, dabarar da aka bayyana tun 1995. Mai ƙaramin baki da zurfi ya fi jin a ɗiga masa asid mai ƙarfi na TCA a cikin ramin da ɗan tsinke, ko a cire shi da ƙaramin abin huji a ɗinke. Mai faɗin baki marar zurfi shi ne abincin leza. Akwai kuma na'urar ƙananan allurai, da wadda ke haɗa allurai da zafin lantarki, waɗanda ba haske ba ne kwata-kwata, melanin bai dame su ba, shi ya sa likitoci da yawa suke fifita su ga masu duhun fata. Amma duk wannan sai bayan ƙurajen sun tsaya cak. Kin ce har yanzu ɗaya-ɗaya yana fitowa, to a nan za a fara, don ba a gyaran tsohon rami ana haƙa sabo. In kina shan maganin ƙuraje mai suna aisotiretinoyin ki faɗa. A da ana cewa sai an jira wata shida bayan an daina, a 2017 masana suka sassauta wannan ga leza mai ɗigo-ɗigo, amma likitanki ne zai yanke.

Sai kunne, wanda shi ne na fi so ki yi wa hanzari tun yana ƙarami. Kada a sake yi miki huji a ko'ina, kada a ɗaure tudun da zare, kada a yanke shi kawai a sallame ki. Kiloyid da aka yanke ba a haɗa da wani magani ba yana dawowa a rabin mutane ko fiye, domin yankan sabon ciwo ne a fatar da ta riga ta nuna halinta, kuma ƙone shi da lezar kabon dayoksaid yanka ne da wani suna. Maganin farko shi ne allurar siteroyid mai suna tirayamsinolon a cikin tudun kansa, duk mako huɗu zuwa shida, sau da yawa. Tana da zafi, tana kuma iya sa wurin ya yi haske ko ya lotsa in ta yi yawa, amma tana kashe ƙaiƙayi ta kwantar da tudun. In ya ƙi ji, a haɗa ta da wata allurar da ake kira 5-FU. Ana kuma manna silikon aƙalla awa 12 a rana na watanni, da ɗankunne na musamman mai matse wurin. Babban kiloyid sai tiyata, a bi ta da allurai da matsi, ko da hasken radiyeshan kaɗan cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan yankan, wanda ke rage dawowarsa sosai. Daskarar da shi da sanyi yana aiki a ƙanana, sai dai yakan bar fari a baƙar fata. Matsayin leza a nan na mataimakiya ne: Nd:YAG ta rage jini da ƙaiƙayi, ko mai ɗigo-ɗigo ta buɗe ƙananan kafofi a shafa maganin ya shiga ciki. Kuma ki tabbata kin gaya wa mai yi miki lezar fuska cewa kina da kiloyid, domin hakan zai sa ya ƙara sassauta hannu, ya kuma kauce wa muƙamuƙi, wuya da ƙirji.

Ranar zama za a shafa miki man kashe zafi kusan awa ɗaya kafin a fara, a rufe miki ido da kariya ta musamman, kuma wannan ba abin wasa ba ne, leza tana makantarwa. In kina yawan samun ƙurajen nan masu ruwa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, a ba ki maganin asaikulobiya tun kafin ranar, domin zafin leza yana tayar da su su bazu a fuska. Mai ciki ta jira ta haihu. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan taba, ciwonsu yana jinkirin warkewa, sai an gyara wannan tukuna. Bayan an gama, wanki a hankali, man da ke riƙe danshi irin su Vaseline, kada a ɓamɓare ɓawo, a guji rana sosai. Man kariyar rana mai launi, wanda ke da sinadarin tsatsar ƙarfe a ciki, ya fi dacewa da ke, domin a fata mai duhu hasken rana da ido ke gani ma yana ƙara baƙi, kuma man da ba shi da launi ba ya tare shi. Zafin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu, mugunya, ko ƙuraje masu ruwa, a koma asibiti a ranar.

A makon farko fuska za ta yi sumul ki ce an gama, amma kumburi ne ya cike ramukan, yana saɓewa za su sake bayyana. Sabon kolajin yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya zauna, don haka ba a auna aikin sai bayan wannan lokacin daga zama na ƙarshe. Ki sa a ɗauki hotonki kafin a fara, a wuri ɗaya, da haske mai zuwa daga gefe, domin hasken gaba yana ɓoye rami, kuma da shi ake ɗaukar yawancin hotunan talla na bayan magani. A sake ɗaukar irinsa bayan zama na uku. In babu bambancin da ke da likitan kuka gani tare, a zauna a sake duba irin ramukan, wataƙila masu ɗaure ne da ke jiran a tsinke su, kafin a ƙara ko zama ɗaya.